Ranar da na ɗare bayan Bawa

Har gobe ban manta ranar da na kama bayan Bawa a filin kokawa a Zuru ba, kuma mutanen unguwarmu ba su da niyyar bari in manta.

Na dawo daga Kaduna ne, inda na ɗan koyi judo, kokawar Japanawa, a bariki wurin yayana soja. Gwanintata ita ce kamun baya: ka zagaya bayan mutum, ka saƙala ƙafafu a cinyoyinsa, hannu ɗaya ta kan kafaɗa, ɗaya ta ƙarƙashin hammata, ka ja shi ku kwanta, ka matse har ya sallama, ya zama naka. Na cika gari da labarin (ƙannena sun sha gwaji).

To Baba Audu, mahaifin Rahila da nake nema, tsohon ɗan kokawa ne, ya ce ba ya ba da 'yarsa ga wanda bai taɓa shiga fili ba. Bayan girbi aka sa wasa, aka haɗa ni da Bawa, wani manomi daga Danko mai wuya kamar turmi.

Ganga na tashi, muka shiga fili. Muka kama juna, ya matse ni, ga Baba Audu a gaban taro ya zuba mini ido. Bawa ya ɗaga hannu zai cafki wuyana, na sulale ta ƙasa, sai ga ni a bayansa! Na ɗare, na saƙala ƙafafu, na ja shi da ƙarfin tsiya muka zube, ni a ƙasa, shi a kaina.

Fili ya kaure da ihu. Wallahi na ɗauka nawa ne. Na ƙara ƙanƙame shi, har da murmushina.

Alƙalin wasa ya dafa ni. "Kai yaro, mi kaka yi? Sake shi, an gama."

"Ai bai sallama ba!"

"Bayan wa yat taɓa ƙasa?"

Sai a lokacin na tuna: a kokawarmu, wanda ya fara taɓa ƙasa shi ya faɗi. Ni na kayar da kaina, Bawa ko gumi bai yi ba. Kunya ta hana ni tashi.

Baba Audu ya tsaya a kaina. "Ɗana, ban taɓa ganin wanda ya taya abokin karawarsa aiki ba sai kai. Mai taimako irin naka, gonata na jiransa."

Sai da na sha noma a gonar nan kafin ya ba ni Rahila. Tun daga ranar, ba na kama bayan kowa sai na duba inda nawa zai sauka.