Sallama Kafin Neman Tsohon Gola

"Ka faɗo mini ɗaki ba sallama kamar akuya," in ji Kaka.

"Na yi, amarya. Kunnen ne ya yi ritaya."

Dogo jikanta ne, ma'aikacin jinya. Shi ne, bayan ta fita takaba, ya zo ya ƙara wa rubutun kwamfutar marigayi girma ba tare da ta roƙa ba, ya ce wai kwamfutar ce ta tsufa, ba idonta ba. Ba ta manta ba. Ba ta kuma gode masa ba, kada kansa ya kumbura.

Shekara goma sha ɗaya marigayi ya yi yana rubutu a shafin magoya bayan masu jar riga, ƙungiyar ƙwallon da ba ta saba da cin wasa ba. Sunansa a can Tsohon Gola. Yana raye, Kaka aikin banza take kiran abin. Yanzu kuwa duk mako sai Dogo ya zo ya buɗe mata, ta zauna tana karanta yadda Malam ke faɗa da alƙalan wasa, muryarsa sak. To an yi wa Dogo canjin wurin aiki, jibi zai tafi, kuma ba kusa ba.

Ta ce masa ta gwada da kanta sau uku, abin ya ƙi, don haka shi ya lalata shi da baƙin hannunsa na mai goyon bayan abokan hamayya, masu shuɗiyar riga. Dogo ya ɗage ƙyallen da take rufe kwamfutar, ya duba abin da ta rubuta a layin sama, inda ake neman abu. Ya karanta a fili: "Assalamu alaikum. Don Allah ina neman Tsohon Gola, in ba damuwa. Na gode."

"Me ya fito?"

"Masu sayar da safar hannu."

"Kaka, inji ne. Ba ya amsa gaisuwa."

"Kai ma ba ka amsawa, ban fasa ba ka abinci ba."

Ya yi mata bayani cewa a wannan layi duniya gaba ɗaya take tambaya, sai ta fara shiga shafin, ta sauka ƙasa, ta sami ƙaramin akwati, ta rubuta sunan kawai. Ta ce ko gidan surukai ba a shan wannan zagaye. Ya ce da irin wannan kai, gara ya sake ta tun yau ya huta. Ta ce ya sake, dama miji mai ƙafa kamar sandar mofa ba abin nunawa ba ne.

"To ki bar sallamar dai."

Kaka ta gyara mayafi. "Maza ne zaune a wurin, da mijina a cikinsu. Ban taɓa shiga masa taro ba sallama ba."

Dogo ya jawo kwamfutar gabansa. Ya shiga saiti, ya ɗauko binciken shafin ya ɗora a layin sama. Aka nemi gajeriyar kalmar da za a riƙa kiran shafin da ita. Har ya danna harafi ɗaya, ya goge, ya rubuta "assalamu".

Ya nuna mata: ta rubuta assalamu, ta danna dogon madannin ƙasa, sai sunan.

"Alaikum ɗin fa?"

"Ki faɗa da baki. Yana ji."

Da yatsa ɗaya ta yi, tana motsa leɓe. Sai ga Tsohon Gola reras har ƙasan allo. Ta sake yi don ta tabbata ba sa'a ba ce. Na uku ta zaɓi ɗaya ta karanta a hankali, inda Malam ke sanar da jama'a jikansa ya bi masu shuɗiyar riga, a taya shi da addu'a.

"Addu'ar ba ta ci ba," in ji Dogo.

Kaka ta tashi ta buɗe akwatin ƙarƙashin gado, ta jefa masa jar rigar Malam mai ƙamshin kafur, wuyanta ya saki.

"Ungo, na fasa karɓar sakin. Ko goge takalmi ka yi da ita."

Ya ninke ta a kan cinya, bai ɗago ba. Ranar rabon kayan marigayi, ana ta ɗaukar agogo da manyan riguna, abu ɗaya Dogo ya raɗa mata a bakin ƙofa: "Kaka, jar rigar nan kada ki ba kowa. Ki ajiye mini."