Ɗan Rumbu Ya Rasu a Cikin Kabbasar Kaltum

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa, gidan Malam Kashim na Unguwar Barebari, a ƙasar Dawakin Tofa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da maƙwabtan da suka riga suka ji labari ta saman danga, rasuwar Ɗan Rumbu, ƙaramar na'urar ajiya da Malam ya haɗa da hannunsa. Ya rasu ranar Alhamis da hantsi, a ƙarshen daminar bana, lokacin da kowa yake gona ana kwantar da gero. Ya cika a ɗakin marigayiya Malama Kaltum, matar Malam, cikin ƙamshi. Gidan da ake magana mutum ɗaya ne a cikinsa, wato Malam ɗin, amma an rubuta gida saboda haka aka saba rubutawa.

An haifi mamacin a shekarar da Malama Kaltum ta rasu, bayan an naɗe tabarmin makoki, masu cewa za su riƙa leƙowa sun koma harkokinsu. A lokacin ne Malam, tsohon malamin kimiyya da ya yi ritaya, ya lura cewa muryar matarsa ta warwatsu a cikin unguwa kamar tsabar da kaji suka tone. Malama ta yi shekara da shekaru tana koyar da matan aure karatun Alƙur'ani a tsakar gidanta, kuma ba ta iya rubutu a waya ba, sai dai ta danna ta yi magana. Saboda haka kusan kowace wayar mace a unguwar akwai guntun muryarta. Ita kuwa waya ba wurin amana ba ce: ta cika a goge, a sayar da ita ranar kasuwa, ko ta faɗa rijiya. Malam ya bi gida-gida, yana tsayawa a zaure kamar mai neman aure, ana fito masa da wayoyi yana kwashewa. Wannan ce ziyara ta ƙarshe da aka san ya kai wa kowa.

Daga nan ya shiga birni, ya dawo da kayan haɗin a aljihun babbar riga. Akwai wata 'yar kwamfuta tsirara da ba ta wuce tafin hannu ba, da faifan ajiya guda biyu da aka ciro daga matattun kwamfutocin cinya, da fanka kamar murfin gwangwanin madara. Ya ɗora sola a kan rufin ɗaki, kusa da inda ake shanya kuɓewa, ya jawo waya zuwa batir. Yadda ake haɗawa kuwa a gindin ɗorawar bakin gona ya karanta shi, domin nan ne kaɗai sabis ke sauka, shi ma sai ya ga dama. Ya tsara faifan biyu su zama tagwaye: duk abin da aka rubuta wa ɗaya, an rubuta wa ɗan uwansa, don in ɗaya ya kwanta ɗayan ya riƙe gida. Ya kuma sa wata 'yar na'ura mai ƙahoni da ke ba wayarsa damar shiga ajiyar daga ko'ina a cikin gidan, ba tare da data ba, ba tare da alfarmar kowane kamfani ba.

Abin da ya fi ba shi wahala shi ne masauki. Gwangwani yana ɗaukar zafi. Akwatin katako kuwa gara ta yi masa sallama tun kafin a rufe shi. Tukunyar ƙasa tana da sanyi, amma kunama ta riga ta kama haya. Ana cikin haka idon Malam ya sauka a kan kabbasar marigayiya, wato kwandon nan mai faɗin saƙa da matan Barebari ke kifawa a kan kaskon turaren wuta, su lulluɓa tufafi a samansa don hayaƙi ya ratsa su. Iska tana shiga ta ko'ina, ba ta cin wuri, ga shi kuma nata ne. Malam ya ɗaure kayan da waya a can sama daga ciki, inda ɓera da ruwan shara ba sa kaiwa, ya kifa ta a kusurwar da ta saba zama. Ya raɗa masa suna Ɗan Rumbu. Ba a yanka rago ba, ba wanda ya zo barka.

Ana shaidar mamacin da halaye nagari. Bai taɓa tambayar Malam yaushe zai sake aure ba. Bai taɓa kawo masa labarin wata bazawara mai hankali a Zakirai ba. Bai ce masa kaɗaici ba kyau ba, alhali yana kan hanyarsa ta fita. Ya riƙe littattafan da Malam ya tara, da hotunan suna da na aure, da karatun malamai, kuma duk abin da aka ba shi haka yake mayarwa, ba ragi ba ƙarin gishiri, wanda a unguwar nan karama ce. Abincinsa hasken rana, shi ma kaɗan. Idan ya tashi da safe sai ya ce ɗit, sau ɗaya, kamar mai gyaran murya a ƙofar ɗaki. Daga nan sai fankarsa ta kama shuuu a hankali har yamma, irin numfashin wanda yake barci a ɗaya ɗakin. Wanda bai taɓa zama a gidan da aka daina numfashi ba, ba zai san darajar wannan ba, kuma ba a roƙe shi ya sani ba.

Amma mafi yawan maganar mamacin da muryar Malama yake yin ta. Malam yakan zauna a bakin ƙofa bayan la'asar, ya danna, sai a ji:

"Malam, in an gama gardama da masu shayi, a taho mana da kanwa. Duniya dai ba za ta gyaru yau ba."

Ko kuma, tana gyara wa wata ɗalibarta karatu: "Sake, Furera, sake. Harafi ba loma ba ne da za ki haɗiye shi."

Ko wadda ta aiko masa wata rana yana gona: "Malam, akuyar nan ta cinye maka rabin littafi. Kada ka dake ta. Ita dai ta amfana da shi, ga cikinta nan."

A duk saƙon da ta aiko masa, Malam take cewa. Tun ranar da aka kawo ta gidan, Kaltum ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, kamar yadda aka tarbiyyantar da matan zamaninta. In ta haɗu da wani mai sunan, sai ta ce mai sunan Malam. Sau ɗaya tak aka samu akasi. A ciwonta na ƙarshe, Malam ya fita neman wani magani da aka ce sai a birni, ya daɗe bai dawo ba, sai saƙo ya shigo wayarsa. Muryar ta yi ƙasa, ana jin tana hutawa tsakanin kalmomi:

"Kashim. Kai, ji ni da rashin kunya, tsufa ya zo. To, na dai faɗa. Kashim, bar maganin nan ka dawo gida, ɗakin ya yi mini girma."

Sai 'yar dariya, sai tari, sai saƙon ya yanke. Wannan ba ya cikin wayar kowace mace a unguwar. Wayar Malam da ya shigo cikinta ta mutu bara, bai kuwa damu ba, domin Ɗan Rumbu yana riƙe da shi har wuri biyu.

Game da ciwon ajali, ga yadda abin ya kasance. Malam yana da yaya mace, Ya Falta, wadda ke zaune gidan ɗanta a ƙetaren gonakin gyaɗa. Ita ce mutum ɗaya da ba ta daina zuwa ba, ko an yi mata maraba ko ba a yi ba. Ran nan ta zo Malam yana gona, ta buɗe akwatin marigayiya, ta ji damina ta sa wa lafayoyinta warin ruma. A wurin Ya Falta, barin tufafin Kaltum su yi wari cin amana ne. Ta hura gawayi, ta kwance turaren da ta haɗa da hannunta, ta nufi kabbasa. Ta ga wayoyi, ta ga 'yar fanka tana juyawa. Ta taɓa jin ƙaninta yana yi mata dogon bayani a kan abin, amma abin da ta riƙe shi ne ya sa wa kabbasar matarsa fanka, ta kuma yaba masa a ranta, ta ce ashe bokon yana da rana. Ta tura kasko ƙarƙashi, ta zuba turare ba rowa, ta lulluɓa lafaya a kan lafaya har ba kafar da iska za ta bi, yadda uwarsu ta koya mata. Sannan ta ja ƙofa, ta shiga maƙwabta duba mai jego.

Mamacin ya yi aikinsa har ƙarshe. Fankarsa ta yi ta jan hayaƙi mai danƙo da zafin garwashi tana kai wa tagwayen, har robar wayoyi ta narke, fankar ma ta tsaya. Da Malam ya dawo da azahar, tun daga zaure ƙamshi ya tare shi, irin wanda rabon gidan da shi tun Kaltum na da lafiya. Ya tsaya da lauje a hannu, ya daɗe bai motsa ba. Ba zai ɓoye ba, wannan tsayuwar ta yi masa daɗi. Sai da ya shiga ɗakin ya ji abin da babu: shuuu ɗin ya ɗauke.

An garzaya da mamacin birni wurin Abdulkabir, tsohon ɗalibin Malam, wanda yanzu magidanci ne mai shagon gyaran kwamfuta. Ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa. Ɗaya faifan ko motsi bai yi ba. Ɗayan ya ce ƙat, ƙat, ƙat, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki, sannan ya yi shiru. Waɗannan su ne kalmominsa na ƙarshe. Tagwayen da aka haɗa don ɗaya ya gaji ɗaya sun tafi tare, domin ɗaki ɗaya suka kwana, wuta ɗaya suka sha.

Mamacin ya bar sola guda, tana nan a kan rufi tana tara hasken da ba mai ci. Ya bar batir cike da caji, da 'yar na'ura mai ƙahoni da har yanzu take kiran wayar Malam zuwa ɗakin da ba kowa. Ya bar kabbasa, wadda ta tsira da ɗan baƙi a saman kai. Ya bar Jamil, ɗan Malam da ke aiki a Abuja, wanda ya bugo waya ya yi ta'aziyya a taƙaice, ya kuma bayyana cewa da an ajiye komai a gajimare, wato ma'ajiyar intanet, da haka ba ta faru ba. Ana gode masa. Gajimaren da aka sani a nan ruwa yake kawowa, shi ma ba kullum ba. Ya bar Ya Falta, wadda tun ranar ba ta sake tako gidan ba, sai dai ta aiko da tuwo a rufe, ba saƙo. Ya kuma bar Malam, wanda yanzu yake maimaita saƙon nan a ransa yana tafiya gona, kuma ya fara shakka: dariyar ce ta riga tarin, ko tarin ne ya riga dariyar?

Dangane da jana'iza, an tuntuɓi liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma Malam bai yi gardama ba, abin da ya ba liman mamaki. Ba za a yi wanka ba, mamacin bai taɓa shiri da ruwa ba. Turare kuwa an riga an yi masa wanda ya isa. Za a naɗe shi a ƙyalle, a binne shi ranar Asabar bayan la'asar a bayan ɗakin marigayiya, inda garma ba ta bi. Malam zai haƙa da kansa, ramin ba mai girma ba ne.

Za a zauna karɓar gaisuwa a zauren gidan, wanda aka share saboda haka. Ba a buƙatar hatsi, ba a buƙatar goro, ba a buƙatar shawara. Matan da Malama ta koyar, duk wadda Allah ya sa ba ta goge ba, ta zo da wayarta, ko ta ba mijinta ya kawo. Ko gaisuwa ce, ko faɗa ne, ko cigiyar ludayi, ana so.

Ana kuma sanar da Ya Falta cewa an shimfiɗa mata tabarmarta a inda ta saba zama, kuma ba wanda ya riƙe ta da komai. Ta yi wa tufafin Kaltum abin da Kaltum za ta so a yi musu. Ta zo ta ci gaba da faɗanta. Alfarma ɗaya ake nema a wurinta. Duk duniya ita kaɗai ta rage mai kiran Malam da sunansa na yanka, kuma muryarta tana da ƙarfi. Wancan kiran da Kaltum ta yi masa da sunan, yanzu ba shi da wurin zama sai kunnen Malam, kunnen kuwa ya tsufa, abin da ya ji daga baya shi yake riƙewa. Don haka in ta shigo, ta ce Malam kamar kowa, ko ta ce kai, ko ta yi gyaran murya, zai juyo.

Allah ya jiƙan Malama Kaltum, ya sa ta huta. Allah ya ba mu haƙurin abin da muka rasa, ya bar mana abin da ya saura.

Sanarwa daga Malam Kashim, a madadin iyali.