Yadda Za Ka Sauya Gaskit Ɗin Kwanon Baƙin Mai Kafin Auren 'Yarka

Kai mai tsohuwar mota ta shekarar sittin da tara, wadda in ta yi gurnani duk karnukan jihar Tennessee sai sun amsa, matso kusa. Da wannan dabarar na taimaki maƙwabcina Doyle, wanda ya yi wa 'yarsa Raylene alkawarin a motar nan zai kai ta coci ranar aurenta. Bi ni, aiki sai ya yi kyau.

1. Musanta yoyon

Baƙin mai ya yi tafki a gareji? Shimfiɗa kwali a kai. Da Lurleen, matar Doyle, ta nuna masa, cewa ya yi, "Ba yoyo take ba, gumi ne."

Ta ce, "Guminta ya kai bakin titi."

2. Jira sai jajibiri

Gwani ba ya taɓa sifana sai biki ya rage kwana ɗaya. Gaggawa tana buɗe ƙwaƙwalwa.

3. Tara mashawarta

Kira maza uku, ba su kujeru da giya mai sanyi. Kada ka zaɓi wanda zai iya sunkuyawa. Aikinsu su riƙa cewa a zamaninsu da kwalin taba ake yanka gaskit, wato shimfiɗar da ke hana bakin kwanon yoyo.

4. Kwance notina

Ɗaga motar da jak, ka shige ƙarƙashi. Wasu sukan fara tsiyaye man tukuna. Matsorata ke nan. Doyle bai tsiyaye ba, man ya wanke shi, ya fito ido kawai ake gani.

Lurleen ta leƙo ta ce, "Gobe da wannan fuskar za ka riƙe hannun amarya?"

Nan za ka gane kwanon ba ya fita sai an ɗaga injin. Zagi wanda ya ƙera motar. Ya daɗe da mutuwa, ba zai rama ba.

5. Kada ka yi rowar gam

In ka samu kwanon ya fita, sa sabon gaskit. An ce a shafa masa gam kaɗan. Shafa duka. Ɗaure kowane noti har sai ka ji ƙas. Wannan ƙarar gamsuwa ce.

6. Duba ƙasa da safe

Doyle ya duba, ko ɗigo babu. Ya rungume ni. Raylene ta shiga da farar rigarta, ya tayar, suka kama hanya. Daidai wani gidan mai, sai injin ya yi tari, ya yi shiru. A nan ya tuna jarkokin sabon mai suna kan benci, ko buɗe su ba a yi ba.

Ya kifa kai a sitiyari, ya ce, "Na ba ki kunya, 'yata."

Ta ce, "Baba, a motar nan ka ce za ka kai ni. Kira janwe."

Haka suka isa coci, motar a saman janwe, su biyu a ciki, tana ɗaga wa mutane furanni, shi yana riƙe da sitiyari da hannu biyu yana share hawaye da kafaɗa.

Gargaɗi: injin da ya ƙone, matar da ta daina gaishe ni, da angon Raylene da yake dariya duk Kirsimeti, babu hannuna a ciki. Ni yoyo na ce zai tsaya, kuma ya tsaya.