Rasuwar Shinshina, Na'urar Neman Ƙarfen Malam Abdulganiyyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da abin da ya fi baƙin ciki muni, iyalan Malam Abdulganiyyu, duba-gari a Boɗinga, suke sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar na'urarsu ta neman ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa, wadda aka fi sani da Shinshina. Ta cika ranar Asabar ɗin da ta wuce a shagon wani mai gyaran rediyo a Shagari, bayan gajeriyar jinya mai wari.

Ba a san shekarun marigayiyar ba. Bashar mai kayan gwanjo na bakin tasha, wanda a hannunsa aka same ta, ya rantse cewa wata tsohuwar Baturiya ce ta ɗan taɓa ta a bakin teku ta ajiye. Amma duk wanda ya ga baƙin tef ɗin da aka naɗe mata a wuya, da robar da ta riƙe murfin batirinta, ya san baiwar Allah ta sha hannu kafin ta iso Boɗinga.

Mutanen gari sun san Malam Abdulganiyyu da tsantseni. Mutum ne da ba ya cin tsire sai ya leƙa ruwan da aka wanke tire da shi, in kuwa ya gaisa da mahauci sai ya nemi buta. Abin da ya ja shi ga marigayiyar kallon waya ne. Ya yi ta ganin mutanen wasu ƙasashe suna yawo da sanda mai faifai a ƙasa, ta yi ƙara, su tona, su fito da tsofaffin kuɗi. Sai ya ce a ransa, ƙasar da fatake suka yi ta ratsawa tun kaka da kakanni, ai ba za a rasa wanda aljihunsa ya ɓule ba.

Ranar ciniki Bashar ya cire zobensa, ya turbuɗe a yashin ƙofar shago, ya miƙa wa Malam sandar. Faifan na zuwa kan wurin ta ce, "Tiii!" Malam ya ji kukan har cikin ƙirjinsa.

"Ka jiya ko?" in ji Bashar. "Wagga ba ta ƙarya, Malam. Duk abin da ƙasa ta ɓoye sai ta hwaɗa maka."

Gaskiya ne ta kuma yi kuka a kan silifas ɗin Bashar, ta yi a kan ɓawon ayaba, ta yi a inda babu komai sai iska. Malam ya ɗauki wannan a matsayin himma.

Matarsa Mansura ce ta raɗa mata suna. Ta fito daga madafa ta tarar da maigidanta a duƙe yana bin tsakar gida lungu-lungu, sanda tana gaba yana biye. Ta gane cewa firjin da aka yi mata alkawari tun bara ne ya shigo gida a wannan siffa.

"Malam, mi a wannan? Sandar guragu ko murhin tukunya?"

"Ilimi na, Mansura."

"To Allah shi ba ilimi sa'a. Ga shi nan yana shinshine-shinshine awa karen mahauta."

Marigayiyar ta yi rayuwa ta adalci. Ba ta taɓa fifita zinariya a kan gwangwani ba, kowa kuka ɗaya take yi masa. A filin makaranta da bayan tsohuwar kasuwa ta sa maigidanta ya tono marafan lemo cike da bokiti. Ta nuna masa reza mai tsatsa, da tsohuwar allurar asibiti, da gwangwanin kifi wanda har yanzu akwai masu rai a cikinsa, amma ba kifi ba. Wata rana ta kai shi ga wani abu mai ƙyalli kamar haƙorin Makka. Malam ya ɗauka, ya goge da hankicinsa, sai ya ga saiwar haƙorin mai shi tana nan maƙale. Ya yar da haƙorin, ya yar da hankicin, ya kuma daɗe yana kallon hannunsa. Da a nan ya tsaya da an huta. Amma a makon ne ta tono masa kwabo mai huji guda, na gaske, kuma wannan kwabon ne ya kashe ta.

Labarin kwabo ya kai Kajiji, rugar surukansa, daidai lokacin da Inna Daso, mahaifiyar Mansura, take cikin damuwa. Munduwar azurfar da ta gada wurin uwarta ta suɓuce mata tsakanin rijiya da garke. An tankaɗe yashin hanya ba a gani ba. Tsohuwa ta rage cin abinci, Mansura kuwa ta yi ta hawaye a Boɗinga. Malam ya dubi matarsa, ya dubi Shinshina a jingine.

"Ki hwaɗa ma Inna ta kwantar da hankalinta. Ina tahe."

Ya sa farar babbar riga ta zuwa gidan surukai, ya goya marigayiyar a baya, ya hau babur cikin zafin bazara. Ya tarar ruga ta taru. Baffa Shaihu, mahaifin Mansura, yana zaune a gindin aduwa. Da yake Mansura 'yar fari ce, tun da aka yi auren bai taɓa haɗa ido da Malam ba, kuma magana ba ta wuce gaisuwa. Isah, ƙanen Mansura kuma abokin wasan Malam, shi ne ya shige gaba yana nuna hanya.

Daga rijiya har garke Malam ya bi taku-taku, ya je ya dawo. Shinshina, wadda ba ta iya wuce ɓawon ayaba ba ta yi magana ba, ranar ta yi gum. Gumi ya jiƙa masa riga. Don kada a ce ya gaza, sai ya zaga bayan garke, can nesa da hanya. Nan ta ɓarke da kukan da ba ta taɓa yi ba: "Tiiiii! Wii-wii-wiiii!"

Mata suka rufe baki da mayafi, Malam ya ce mamaki ne. Baffa Shaihu ya yi gyaran murya, ya sake yi da ƙarfi, kunya ta hana shi ƙarasawa. Isah kuwa da sauri ya kwanto digar Malam da shebur daga kan babur.

"Haƙa, Malam! Arziki na nan ƙasa."

Bai yi nisa ba diga ta ce ƙwal a kan ƙarfe mai faɗi. Nan take munduwa ta fita daga ransa. Akwatin fatake yake gani, shaƙe da azurfa. Wani ɗan wari ya fara tasowa, ya ce ai dukiyar da ta daɗe a rufe dole ta yi bashi. Ya ajiye Shinshina a bakin rami, ya tattare riga, ya ɗaga diga da duk ƙarfinsa. Tsinin ya huda ruɓaɓɓen kwanon rufi, ya shige cikin abin da ke ƙasa, abin ya ce fusss.

Saniya ce. Ta yi makonni a kwance cikin wannan zafi, cikinta ya kumbura yana jiran wanda zai taɓa shi. Abin da ya fito bai tsaya a rami ba. Ya sami riga, ya sami hula, ya sami gemu. Tsutsotsi suka yo sama farare fat kamar an zubar da shinkafa, koren ƙuda ya taso daga inda ba a san yana nan ba. Malam ya yi tsalle baya, dunduniyarsa ta shuri marigayiyar, ta tafi da ka cikin tumbin. Kuma a shaide ta: ko a can ba ta bar aiki ba. Ana jin ta daga ciki, murya a shaƙe, "tii... tii...", domin ƙusoshi da wayar ƙarfen da saniyar ta haɗiya, waɗanda suka yi ajalinta, suna nan.

"Wa at turbuɗe mushe nan?" Malam ya daka tsawa yana kakari.

Isah yana riƙe da ciki don dariya. "Kai kac ce, Malam. Bara kat tara mu kac ce duk dabbar da tam mutu a gina mata rami, kada a yasshe ta daji. Munka bi maganarka. Kwanon ko don karnuka munka aza."

A nan ne Baffa Shaihu, fuskarsa tana kallon gabas, ya furta magana mafi tsawo da ya taɓa yi game da surukinsa: "A ba baƙo ruwa da sabulu."

Munduwa dai ta fito bayan kwana biyu. Kaza ce ta tono ta a gefen rijiya, daidai inda Shinshina ta wuce tana shiru. Inna Daso, mace mai kara, ta aiko da kindirmo da man shanu na godiyar wahala. Malam ya buɗe ƙwaryar, ya tuna daga jikin wa suka fito, ya rufe ya fita waje.

Daga wannan rana marigayiyar ba ta ƙara lafiya ba. An wanke ta da sabulu, an dirje ta da toka, an shafe ta da kananzir, an turara ta da turaren wuta, sai warin ya zama wari mai turare. Mansura ta ce ko ita ko sandar a gidan nan. Aka mayar da ita zaure, baƙi suka daina zama. Aka kai ta bayan katanga, maƙwabta suka aiko suna tambaya ko duba-gari ya san wani abu ya mutu a unguwa. Kuka kuwa ba dare ba rana, da ƙarfe da babu, har muryarta ta dushe. Malam ya koma wurin Bashar da ƙorafi, Bashar ya toshe hanci ya ce, "Ƙarhe kac ce ta nemo, Malam, ta ko nemo."

Masu gyara na Boɗinga duk sun ƙi karɓar ta, shi ya sa aka garzaya da ita Shagari, inda labari bai kai ba. Mai gyaran ya kwance ƙusoshin kanta, kyankyasai suka zubo a kan tebur, manya da ƙanana, zuriya guda da ta taso tare da ita tun daga gidan tsohuwar Baturiya. Marigayiyar ta ce "tik", shi ke nan.

Ta rasu ta bar maigidanta, wanda har yau ba ya iya kallon tuwon shinkafa. Ta bar bokitin marafan lemo, da kwabo mai huji, da diga wadda aka bar wa Kajiji don ba mai son ɗauko ta. Farar babbar riga ta riga ta tafiya, an ƙone ta tun a ruga. Kyankyasan sun sami matsuguni a Shagari.

Game da jana'iza, iyalai sun so miƙa gawar ga 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa. Sai dai mai sayen ya ɗora mata maganaɗisu, ya juya ta, ya ce ban da 'yan ƙusoshi duk jikinta roba ce, ba ya so ko kyauta. Saboda haka za a rufe ta gobe bayan la'asar a bayan bolar gari, ta hanyar Shagari. Ba za a sake wanka ba, an yi iya yi. Za a ɗauke ta cikin buhu a ƙarshen doguwar gora, kuma ana roƙon masu rakiya su tsaya ta inda iska take tasowa. Babu zaman makoki. Wanda ya ga Malam ya juya baya a bakin rami, ya duƙa, kafaɗunsa suna rawa, kada ya dafa shi yana ba shi haƙuri. Ba kuka yake ba, amai yake. A dai ba shi wuri.