Ranar da Na Yi wa Mutanen Cikin Talabijin Ihu

Ba na jin zan taɓa manta ranar da na fara zuwa gaida mahaifin Maryam, yarinyar da nake nema, a unguwar Zahir. Lokacin ina aikin walda a wani kamfanin gini a nan Makka, kuma Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, shi ya raka ni. Tun a cikin tasi yake ja min kunne: "Dattijon nan ba ya son mai rawar kai. Ka nutsu."

Muka tarar da mahaifin nata, Baba Usman, a falo yana kallon ƙwallon da ake bugawa a wata ƙasar Turai. Aka kawo gahawa da dabino. Ya tambayi sana'ata, ni kuwa na gyara zama na ce ai duk wani rufin ƙarfe da ido kawai nake gane lafiyarsa. (Gaskiyar magana, rumfar ajiye motoci ce babban abin da na taɓa haɗawa.) Ya gyaɗa kai ya ce, "Masha Allah."

Can sai ruwa ya tsuge a filin. Aka hasko sama, na ga ɓangarori biyu na rufin suna motsi, ƙarafa jibga-jibga suna tahowa a kan dubban mutane. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Innalillahi! Rufin ya ɓalle! Ku gudu! Ku fita!"

Jama'a, mutanen cikin talabijin nake yi wa ihu. Gwiwata ta ture butar gahawa, dabino ya watse a kan darduma, farar jallabiyar Kawu ta koma ruwan ƙasa.

Baba Usman ko gezau. Ya dube ni ya ce, "Ya waladi, ɗana, zauna. Rufe shi suke yi saboda ruwa. In an ɗauke ruwan, su buɗe."

Daga bayan labule na jiyo dariyar mata, har da muryar da na sani sarai. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

A hanyar komawa unguwarmu ta Ka'akiyya na riga na cire rai da Maryam. Bayan 'yan kwanaki sai ga saƙon dattijon, wai in turo magabatana. Ya ce wanda hankalinsa ya tashi haka a kan mutanen da bai sani ba, ba zai wulaƙanta masa 'ya ba.

Yau 'ya'yanmu uku, amma ko ƙyauren gareji aka ja sai yayyen Maryam sun ce, "A riƙe Injiniya!" Ni dai yanzu in na ga abin da ban gane ba, fuskar masu gida nake fara dubawa kafin in buɗe baki.