Naman da Aka Ci da Sunan Barewa

A wani daji da ke tsakanin duwatsu biyu, Kurege ya gina rumbun bashi, yana raba wa dabbobi kati na ɓawon marke. Duk mai katin sai ya nuna a kasuwa, ya ɗauki abinci, ya biya in kaka ta yi.

Akwai wata barewa da ake kira Inna Ladidi, mijinta ya faɗa tarkon maharba ya bar ta da ɗa guda. Lokacin da fari ya tsananta ta karɓi katin, ta ɗauki dusa saboda yaron. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Kaka na yi ta biya har da riba, ta kwana da sanyin rai.

Wata safiya inuwa ta faɗo mata a makiyaya. Ungulu ne, Malam Tsalha, wakilin masu karɓar bashi.

"Barka da hutawa, Inna," in ji shi da ladabi. "Mu sana'armu sayen bashin da ya mutu. Mun sayi naki daga Kurege: cinyar bijimi, hanta da kitse, an ɗauka a rumfar Kura da katinki."

Ladidi ta yi dariya, ta zaci wasa ne. "Malam, dubi haƙorana. Tun kaka da kakanni, wa ya taɓa ganin barewa da nama?"

"Ba mu ce kin ci ba, Inna. Cewa muka yi an ci da sunanki."

Ta tafi wurin Kurege. Ya tausaya mata ƙwarai, har ya girgiza jela. "Wallahi da jiya kika zo! Abin da na sayar ya fita hannuna. Je ki wurin Kunkuru, shi ke sauraron ƙorafi."

Kunkuru ya saurare ta, ido a lumshe. "'Yata, sauri ya haifi nawa. Kawo shaidar cewa ba ki ci ba. Sa'an nan a tambayi Kura, tunda ita ta ga mai sayen."

Kura kuwa ta rantse ta ga wani mai ƙafa huɗu.

Daga nan ungulaye suka tare a kan bishiyar ƙofar gidanta. Ba su zage ta ba, ba su taɓa ta ba. Gaisuwa kawai, safe da yamma, da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji: "Inna mai bashin nama, an tashi lafiya?" Gada ta daina aiko 'ya'yanta wasa. A mashaya aka fara matsa mata wuri, kamar mai cuta. Ɗanta ya dawo wata rana ya tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa, "Inna, da gaske ne?" Wannan tambayar ta fi komai ci mata rai.

Zomo, maƙwabcinta, ya ce, "Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Ba su ko damin harawa guda su tashi."

Ta bayar. Malam Tsalha ya karɓa da fikafikai biyu. "Madalla, Inna. A dokar dajin nan, wanda ya biya kaɗan ya amsa duka. Gardama ta ƙare, saura cikon."

Cikon kuwa yana haihuwa kamar ɓera. Aka karɓe harawarta, aka karɓe makiyayar. Ta raka ɗanta bakin rafi, ta haɗa shi da ayarin danginta masu ƙaura. "Tafi. In an tambaye ka ɗan wa ne, faɗi sunan babanka kawai." Ta tsaya har ƙurarsu ta kwanta, sa'an nan ta koma ta kwanta a gindin bishiyar, haƙarƙarinta a waje. Ba ta ƙara zuwa mashaya ba.

Damina ta wuce, wata ta zo. Sai ga Kunkuru ya iso da hukunci, yana haki. Ya tarar da ungulaye sun sauko ƙasa sun yi da'ira a inda take kwance, bai leƙa tsakiya ba. Ya gyara murya ya ce, "Bayan dogon bincike, majalisa ta tabbatar cewa barewa ba ta cin nama. An wanke Inna Ladidi. Babu wanda ke bin ta ko ƙwayar gero."

Ungulaye suka karɓi hukuncin da girmamawa, suka ce za su isar mata da zarar sun gama kalaci.