Sarkin da Ya Ƙi Kwanciya

Ko zan manta da komai na shekarun koyarwata a Jimeta, ba zan taɓa mantawa da ranar da na mutu a gaban 'yan gudun hijira ba.

Bari in fara da amsa laifina. Ni mayen tsofaffin wasannin kwaikwayo ne na baƙin ciki, irin waɗanda ake tashi babu wanda ya rage a tsaye sai mai share dandali. Ina son sarkin nan da kowa zai ce masa kada ka je, shi kuwa ya ce sai ya je. Ina son ɗan aike, bawan Allahn da bai taɓa shigowa da labari mai daɗi ba (da ni ne sarki, tun daga ƙofa zan sa a tsare shi). Amma wanda ya fi tafiya da imanina shi ne jarumin da za a soka a ƙirji, maimakon ya faɗi, sai ya dafe wurin ya yi jawabi shafi biyu. Matata ta sha tarar da ni ina hawaye a kan littafi, ta ce, "Yau kuma wane sarki ne ya rasu?"

Lokacin da rikici ya koro mutanen Borno da na arewacin jiharmu zuwa Yola, an sauke wasu a azuzuwan makarantarmu da ke Dubeli. Shugaban makaranta, Malam Bobbo, ya kira ni ya ce ƙungiyar wasan kwaikwayo da nake jagoranta ta ɗan ɗebe musu kewa.

"Abin dariya nake so, Malam," in ji shi. "Mutanen nan sun ga abin da ya ishe su."

Ni kuwa sai na gyara tsayuwa na yi masa lacca, wai kuka a gaban dandali yana wanke zuciya. Ya dube ni ya ce, "To. In ka ɓata musu rai, ƙungiyar nan ta rufu ke nan." Shekara shida ina rainon ƙungiyar, ita kaɗai ce abin da ke sa ni ɗokin zuwa aiki, amma na ce na yarda.

Na harhaɗa wasa irin na da, na ba kaina sarauta (wa zan ba?). Tsarin shi ne a soke ni, in faɗi kamar na cika, can kuma in ɗago a kan gwiwar hannu in yi jawabin ƙarshe. Mako uku ina haddar jawabin nan a cikin keke napep daga unguwarmu Bekaji zuwa makaranta, har direbobi suka fara kallona ta madubi.

Ranar, bayan la'asar, suka zauna a kan tabarmi a filin makaranta. Ɗan aike ya shigo ya ce an ƙone gari, an kashe 'ya'yan sarki a hanya. Wurin ya yi tsit. Ni da wautata na ɗauka gwanintarmu ce ta ɗaure musu baki. Aka soke ni da takobin katako, na matse ledar zoɓo a ƙirjina, na zube.

Ina kwance ina ƙirga numfashi kafin in ɗago, sai na ji hannu a kafaɗata. Wata tsohuwa ce daga cikin 'yan kallo, mutuniyar Borno. Ta mirgina ni ɓangaren dama, ta fuskantar da ni alƙibla, ta shafe min ido da tafin hannunta mai kaushi. Sannan ta cire mayafinta ta lulluɓe ni.

"Nawa ba a rufe shi ba," ta ce a hankali. "A hanya na bar shi."

Na ji salati ya tashi ko'ina, mata suka fara kuka, kukan da babu ruwansa da wasana. Mutum mai hankali zai kwanta shiru. Ni kuwa jawabin nan yana ta yi min ƙaiƙayi a maƙogwaro. Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yaye mayafin, na ɗago, na ce, "Iya, yi haƙuri, da sauran jawabi."

Ta dube ni. "Au," ta ce. "Kai kana tashi ne?"

Ta ɗauki mayafinta, ta kakkaɓe, ta ninke shi, ta koma wurin zamanta. Na fara, "Ya ku mutanen ƙasata..." Kafin in kai layi na uku sun fara naɗe tabarmi. Na ƙarasa jawabin ga ɗalibaina da suka sunkuyar da kai.

Washegari Malam Bobbo bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Hannu kawai ya miƙo ya ce, "Malam, makullin ɗakin kayan wasa." Tsohuwar kuwa na neme ta in ba ta haƙuri, aka ce an mayar da su wani sansani, ko sunanta ban sani ba.

Har gobe ina son sarakunana masu taurin kai, ban fasa karanta su ba. Sai dai na koyi abin da babu ɗayansu da ya sani: in ka mutu har aka samu mai rufe ka, ka yi wa Allah ka kwanta.